Tamada da Akwatin da Ba Ya Bugu

Malam Tamada yana da shekara sittin da uku, masunci ne a Wara tun kafin tafkin Kainji ya cika. A daminar bana, ta 1984, wasu baƙi suka zo da akwatunan batir suna gwada lantarki a kan ciwon gwiwa. Mako huɗu yana barin komarsa ta kamun kifi yana zuwa ana ɗaura masa waya a gwiwarsa mai ciwo. Fitilar akwatin tana ci, gwiwar tana nan yadda take.

"Ɗana," ya ce wa mai ɗaura wayar, "minjirya, kifin nan mai lantarki, ta buge ni ya fi sau ɗari. Na san lantarki in ya shiga jiki. Wannan akwatin wofi ne."

Mutumin ya sassauta murya, ya ce rabin mutane na wofin ake sa musu, don a kwatanta.

"Da kun tambaye ni, da na yarda. Ba ku tambaya ba."

Jiya ya kawo minjirya mai rai cikin bokiti, ya ce baƙin su taɓa su ji na gaske. Sannan ya zauna bakin ƙofar wurin gwajin, yana gaya wa duk mai shiga abin da ake yi.