Ranar da Allura ta Suɓuce wa Baba

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan manta da ranar da allura ta suɓuce daga hannun mahaifina ba. Shekara arba'in yana yi wa babbar riga aikin hannu a wata rumfa a Fagge, kansa a sunkuye tun hantsi har la'asar. A lokacin saura wata biyu aurena, ya kuma rantse ba mai taɓa rigar angwancina sai shi.

Ina zaune a gabansa allurar ta faɗi kan tabarma. Ya lalubo ta da ƙyar, ta sake faɗuwa. Ya ce, "Kai, kar ka gaya wa Innarka. Sanyi ne kawai."

Ni ma da wautata na yarda. Sati uku muna mulke hannun da man zafi, Inna kuwa, wa ya isa ya ɓoye mata abu, tana gasa masa yatsu da ruwan ɗumi. Ashe muna ta jinyar hannu, ciwon yana wuya. Da na ja shi asibiti aka ɗauki hoto, likita ya tambayi sana'arsa, sannan ya ce tsufa da yawan sunkuyo sun zaizaye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan wuyansa, har jijiyar da ke saukowa hannu ta danne. Ya ce, "Baba, sunkuyon nan za ka bari."

Muka hau adaidaita sahu za mu koma gida, har muka zo shataletalen Bata. A hankali Baba ya ce, "Rabin aikin ƙirjin rigarka ne fa ya rage." Na ce a kai wa mai keken ɗinki ya ƙarasa mana. Kallon da ya yi min, wallahi sai da na ji kunyar kaina.

Wani tsohon abokinsa kafinta, Ibo haifaffen Sabon Gari, shi ya kawo mafita. Ya ƙera katako a tsaye, ya kafe rigar daidai idon Baba. Ya ce, "Malam, sunkuyo likita ya hana, bai hana ɗinki ba. Ɗaga kanka, tsoho!"

Baba ya ce, "Ji min mutum, wa ya girmi wani?"

Kullum kaɗan yake yi, ya huta, ya murza yatsu. Saura kwana uku biki ya miƙo min rigar. Aikin ƙarshen a karkace yake, ko yaro zai gani. Ya ce, "Ka yi haƙuri, iyakar abin da hannun ya yarda ke nan." Nan take na saka ta, na kasa riƙe hawaye. Ita ce riga ta ƙarshe da ya yi.

Tun ranar na gane sana'ar da ta ciyar da mu, jikinsa take ci a hankali, mu kuwa rigunan kawai muke yabawa. Yanzu in mai sana'a ya ce min ba komai, ba na yarda, asibiti nake ce masa ya tafi tun hannunsa yana riƙe abin aiki.