'Yar Maƙwabciyar Hajiya Rabi

Ko an tashe ni daga barci ba zan manta da ranar da Hajiya Rabi ta shigo ofishinmu da 'yarta Hadiza ba, yarinyar cikin kayan sallah, har da kwalli. A farkon shekarun 2010 ne, ban fi wata shida da baro Montreuil ba, inda na gama karatu, na kama aikin tafinta a Lyon. Ina ba ku wannan labari ne, ku sababbin shiga, don irinsa zai same ku.

Ga yadda tsarin yake. In malamar lakwal ta ga yaro yana shan wahala a aji, iyaye su cika dosiye, wato takardun neman taimako. Likita ya rubuta nasa, mai gwajin fahimtar yara ta yi nata, su ma iyaye su faɗi yadda rayuwar yaron take a gida. Kwamiti ya duba duka, ya yanke ko za a ba yaron mataimakiya da za ta zauna kusa da shi a aji. Hadiza tana gab da cika shekara bakwai, magana sai kalma ɗaiɗai, fensir ba ya zama a hannunta. Malamarta ta ce in babu mataimakiya, ba ta ga yadda yarinyar za ta ci gaba a lakwal ɗin unguwarsu ta Rillieux-la-Pape ba.

Mai gwajin, Madam Silbi, ta fara tambaya ina fassarawa.

"Tana sa tufafinta da kanta?"

"Alhamdulillahi," in ji Hajiya.

"Cin abinci fa?"

"Lafiya lau," in ji mijinta Alhaji Sani, ɗan Maraɗi mai fataucin kayan mota. "Ça va très bien, Madam."

Tambaya kusan ashirin, amsa ɗaya. Dokar aikinmu ita ce kada ka ƙara, kada ka rage, ni kuwa lokacin ina ji da dokar nan kamar ni na rubuta ta. Sai na hangi abin da Madam ke rubutawa: iyaye ba su ga wata matsala a gida ba. Na san layin nan kaɗai ya isa ya kashe dosiyen.

Na ce wa Madam, a gabansu, ina roƙon minti biyar da iyayen, kuma duk abin da muka faɗa zan maimaita mata. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Biyar."

Muna fita na ce, "Hajiya, don Allah, da gaske Hadiza na sa riga da kanta?"

"Haba Yaya Zara. Ni nake sa mata komai."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Gaban baƙuwa? Yarinya na zaune tana ji?" Idonta ya kawo ruwa. "Abin da uwa ta faɗa a kan ɗanta yana bin sa. Ba da bakina za a ce 'yata ba ta iya ba."

Alhaji ya gyaɗa kai. Na bayyana musu cewa a nan ba a taimakon abin da ba a rubuta ba, amma ni kaina na san maganarta ba wasa ba ce, haka aka raine ni a Damagaram. Hajiya ta murza bakin mayafi, can ta ɗago.

"To in ba ta labarin 'yar maƙwabciyata fa?"

Wallahi saura kaɗan in yi guɗa a tsakiyar ofishin Nasara. Na koma ciki da gudu-gudu, na zayyana wa Madam komai, har da cewa babu wata maƙwabciya. Ta ajiye biro, ta yi murmushi, ta ce Alhaji ya kai Hadiza ɗakin wasa.

Bakin Hajiya ya buɗe. 'Yar maƙwabciyar nan ba ta riƙe cokali sai an dafa mata hannu. In an kaɗa ƙararrawar lakwal sai ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin tebur. Maɓallin riga ya gagare ta. Amma duk tashoshin bas daga gidansu zuwa tsakiyar gari ta haddace su a jere, in direba ya sauya hanya ita ce ta fari da za ta gane. Ina fassara har numfashina na sarƙewa, Madam ta cika shafi uku.

A ƙarshe Madam ta ce, "Ita 'yar maƙwabciyar, shekarunta nawa?"

"Bakwai, ranar Juma'a mai zuwa."

A takarda dai sunan Hadiza aka sa, Hajiya ta san haka. Da zan karanta mata kafin ta sa hannu, ta ce in tsallake sunan. Na tsallake, ita da Alhaji suka sa hannu.

Wata huɗu muna jira, kullum ina zullumi. Wata safiya ina cikin bas waya ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, matar da sai ta gaishe ki da gida da aiki da gajiya da sanyi kafin ta shiga magana. Ranar ko sallama ba ta yi ba.

"An ba ta! Yaya Zara, takarda ta zo, an ba ta mataimakiya!"

Na tashi tsaye ban sani ba, duk bas aka juyo ana kallona. Da muka natsu ta gaishe ni yadda ya kamata, sannan ta ce, "Ki gaya wa Madam, maƙwabciyata tana godiya."

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba ƙarya suke yi ba in sun ce lafiya lau, rufa wa ɗansu asiri suke yi. Aikinku ku nema musu hanyar da za su faɗi gaskiya ba tare da sun ji sun yi wa ɗansu baki ba. Tun daga ranar, duk uwar da ta amsa mini da Alhamdulillahi sau uku a jere, sai in tambaye ta ko tana da maƙwabciya.