Malam Maccido da Kason Raihanatu

Da an idar da asuba Malam Maccido yake shimfiɗa buzunsa a zaurensa na Jega, ya share rairayi da tafin hannu, ya jira masu rigimar gado. Shekara arba'in yana haka. Ba alƙali ba ne, ba shi da albashi, kuma masu zuwa wurinsa ba su cika komawa gida suna sa masa albarka ba.

Ni shaida ne a kan gonar Jandutsi, don ni na riƙe bakin igiya. Kaka ya mutu ba a raba ba, 'ya'yansa biyu suka bi shi, jika ma ya bi. Magada suka kai talatin, har an fara zuwa gona da adda. Kwana tara Malam yana zane yana sharewa kafin ya fito da adadin kason da za a yi wa gonar don ya ɗauki kowa: dubu biyar da ɗari da tamanin da huɗu. Ya ce yana rabuwa gida takwas, gida shida, gida tara, ba ragowa, kuma saba'in da biyu ne sau saba'in da biyu. Sai ya sa aka yi wa igiya ƙulli saba'in da biyu, aka ja ta tsaye, aka ja ta kwance.

Kason Raihanatu, matar jikan da ya rasu, ashirin da bakwai ne kacal: ƙulli uku a faɗi, tara a tsawo, kuma a tsakiyar inda Isiyaku, babban gidan, ya sa ido.

"Malam, mi za ta yi da wanga ɗan wuri?" in ji Isiyaku. "A shahe shi mu huta."

"Isiyaku, hakkinta na," in ji Malam. "In na shahe shi, kai za ka amsa mini a kabari?"

Tun ranar Isiyaku bai sake gaishe shi ba, ya kuma janye rabin unguwa daga zaurensa. Raihanatu kuwa ta dasa albasa a wurin, da ita ta ciyar da marayu uku.

Malam, kai ne ka tsaya wa wadda ba ta da mai tsaya mata. Mun gode, Allah ya saka. Amma ina jin kunya, domin yau idonka ya tafi, kuma cikinmu masu taƙama da boko babu wanda ya zauna ya koyi lissafinka. Matasan Jega da Aliero da Maiyama, ku je zauren nan tun Malam yana iya magana.

Raihanatu ta rasu da sallar layya. Kafin a yi addu'ar bakwai, Isiyaku ya tura shanun huɗa cikin wurin. Marayun sun je wa Malam, ya lalubi rairayi, ya zana layi biyu na lissafin gadon, ya ce a karanta masa abin da ya rubuta. Babu wanda ya iya.