Gawon Kawu a Tsakiyar Filin Ƙwallo

Filin ƙwallon ƙauyenmu gonar Kawu ce. Da damina gero da wake, da rani mu. In an kwashe amfanin gona, shanun Fulani sun cinye kara sun bar masa taki, sai mu shiga mu tumɓuke tushiya, mu share, mu kafa sanduna. Kawu, wato yayan mahaifiyata, bai taɓa hana mu ba, don ɗansa ne ke ci mana ƙwallo, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage masa a gida. Manyan biyu sun ƙetare iyaka cin rani tun da daɗewa, sai dai gaisuwarsu a bakin matafiya. Abin da Kawu ke tsoro a duniya bai wuce wannan na ukun ya bi su ba, kuma duk ƙauyen an sani.

Gonar tana da wani ƙaton gawo, kusa da tsakiya. Mu ba mu ɗauke shi aibi ba, mun taso mun same shi. Ɗan Kawun nan, taubashina, yakan buga wa gindin ƙwallo, ya zagaya ta bayan mai tare shi ya karɓe abinsa. Samarin Gidan Sori sun sha rantsuwa cewa mun fi su yawa a fili. Wani ɗan wasan Tibiri ya taɓa bin ƙwallo da gudu ido a sama, sai da aka yi masa fifita kafin ya tuna sunan garinsu. Ni baya nake tsarewa, ban iya komai ba sai harbin ƙafar mutane, in na gaji kuma in laɓe a inuwa in ce dabara ce.

Sai ga shekarun da aka gama babban taron ƙasa a Yamai. Jam'iyyu suka yi ta tsirowa, kowa ya koyi ɗaga hannu ya ce yana da magana, har mai sayar da tsire. Iskar ta kaɗo ƙwallo ma. Malamin lakol ɗinmu, wato makarantar boko, wanda muke ce wa Mushe, shi ke horar da mu, ya dawo daga Gidan Rumji da labarin an sake tsarin gasa. Ba sauran a hau amalanke a je ƙauyen maƙwabta a buga don rago. Za a kasa ekip-ekip, wato ƙungiyoyin ƙwallo, rukuni-rukuni, na ƙasa su fafata a yankinsu, wanda ya yi fice ya hau sama ya kara da na Maradi. Amma ba mai shiga sai da lisans, takardar shaidar cewa ekip ta cika ekip: tana da shugabanni, da riguna iri ɗaya, da filinta.

Shugabanni ba su ba mu wuya ba, sai ma rarrashin waɗanda ba su samu kujera ba. Riguna ne suka so su raba gari, don duk launin da muka zaɓa sai wani ya miƙe ya ce na jam'iyyar su wane ne. Daga ƙarshe muka ɗinka masu ruwan ƙasa, da su da yashin fili ba ka bambancewa.

Fili kuwa, aka aiko mutum daga buro, ofishin masu gasar, ya duba. Ya zo a kan babur da rana tsaka, ya auna tsawo da faɗi da ƙafa, zufa ta jiƙa shi, ya zo ya zauna a gindin gawon. Aka kawo masa fura ya sha, ya yaba inuwar ƙwarai. Da zai tashi ya dafa icen ya ce wa Mushe, in ana son lisans, wannan sai an sare shi.

Taubashina ne ya kai wa ubansa maganar, ina wurin, muna cin tuwo.

«Baba, sun ce sai an sare gawo.»

Kawu ya ajiye lomarsa. «Wa yac ce?»

«Mutumin buro.»

«Shi tahi shi sare na gonar ubanai. Wanga icce ya girme ni, ya girme ka. Ba ka ga yadda hatsi ka yi ƙarƙashinai ba? Awakin uwarka mi suka ci da rani in ba ɗiyanai ba?»

Taubashina bai yi musu ba. Ya ci gaba da cin tuwonsa, can ya ce a hankali, in dai ekip ba ta samu shiga ba, shi zai bi yayyensa, ya ji ana buga ƙwallon gaske a Katsina. Ba barazana ya yi ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Na ga Kawu ya wanke hannu bai ƙoshi ba.

Mu kuwa muka yi abin da ake yayi, muka kira taro. Aka yi jawabai, aka ɗaga hannu, masu son a sare suka yi rinjaye, aka tafa. Aka tura wakilai su sanar da Kawu hukuncin jama'a. Ya saurare su tsaf, sannan ya ce dimokuraɗiyya ta tsaya a bakin gonarsa, in ta shigo zai karye mata ƙafa. Muka gwada matsar da filin gabas, ya faɗa cikin rijiyar maƙwabci. Muka duba wani fage a bayan gari, yashinsa na haɗiye ƙafa har idon sawu. Taubashina ya daina zuwa horo, ya fara tambayar kuɗin mota.

Ran kasuwar Gidan Rumji Kawu ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya tafi, bai gaya wa kowa ba. Ashe wurin ma'aikatan gandun daji ya je neman izini, don gawo ba a taɓa shi haka kawai. Washegari da hantsi muka ji sara. Muka ruga, muka iske shi shi kaɗai da gatari, ya tuɓe riga. Da ya gan mu ya ce, «Kun tsaya kallo? Ba ku kunka ɗaga hannu ba?» Muka karɓa muka yi ta yi. Da icen ya faɗi awakin gari suka yi biki, mu muka yi ihu, Kawu ya ɗauki rigarsa ya wuce gida. Tono kututturen ya fi sarar wuya, tafin hannuna duk ya yi kanta.

Lisans ta zo, Mushe ya sa ta a gilashi. Wasannin farko mun sha kunya, don rabinmu ba mu san inda za mu tsaya ba a fili fetal. Amma taubashina kamar an kwance masa dabaibayi. Muka shiga motar haya har Agiye, muka dawo da murya a dishe. Kawu, wanda a da bai san ƙwallo zagayayya ce ba, ya zama ba ya fashin kallo, yana zuwa da buzunsa, in ɗansa ya ci ya waiga ya ga ko kowa ya gani. Ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na wannan ranin ba. Ɗansa na gida, yana kwana a ɗakinsa, sunansa na yawo a kasuwanni.

Muka yi fice a yankinmu, aka kira mu Maradi. An lallasa mu, ba sai na faɗi da nawa ba, amma ɗayar da muka rama taubashina ne ya ci, kuma ya ci ta da kyau. Bayan wasa na ga wani mai tabarau ya ja shi gefe. Ba a jima ba saƙo ya zo: wata babbar ekip ta birni na son shi, da ɗaki, da aikin gareji da safe, horo da yamma. Mushe ya zo gidan Kawu yana washe baki, yana bayanin cewa ai amfanin sabon tsarin ke nan, tsani ne, yaron ƙauye ya taka ya hau. Kawu ya ce, «To, madalla.»

Ran tafiyar ni na ɗaukar masa jaka zuwa bakin hanya, ina tsokanarsa cewa birni ba a cin tuwo da hannu biyu. Ya yi dariya, ubansa bai yi ba. Mota ta zo, Kawu ya dafa kan ɗansa ya yi masa addu'a mai tsawo har yaron mota ya fara buga ƙofa.

Muka juyo mu biyu. An yi ruwan shuka a daren da ya gabata, ƙasa na ƙamshi, mutane duk sun fita gona, mai sara a gaba, mai zuba iri a baya. Tausayinsa ya kama ni. Sai da muka kai ƙofar gida ya tsaya, bai dube ni ba.

«Ɗan ƙanwata, gobe ka zo da sassahe. Ni ka sara da sungumi, amma ba ni da mai bi na da iri.»