Daɓe Mai Kaushi

Sai da na ajiye aikin koyarwa na samu na gina gidan kaina a Gidan Rumji. Kafin nan yawo muka sha, ni da uwargida da yara, duk inda aka tura ni lakol, wato makarantar boko: Cadawa, Gazawa, da wasu ƙauyukan Sae Sabuwa da amalanken jaki kaɗai ke shiga da damina. A duk gidajen nan ba ta taɓa samun ɗakin girki na kirki ba. Ko dai rumfar kara, ko gindin katanga da duwatsu uku, hayaƙi na cin idonta, tana tuƙa tuwo tana faɗa da yara. Shi ya sa da gini ya kai inda ya kai na ce madafa za a yi mata irin ta zamani, da famfo a ciki, da daɓen karo, wanda 'yan uwanmu na kudu ke ce wa tayil.

Ana cikin haka idonta ya fara ja baya. Na kai ta Maraɗi, likita ya duba ya sake dubawa, ya ce hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma za a riƙa tare shi da maganin ɗigawa, amma kada mu sa rai zai tsaya cak. A gabanta ya faɗa, kuma da Hausa. Da muka shiga mota za mu koma, na jira ta ce wani abu. Ta ce albasa ta yi tsada bana. Na ce ta yi. Daga ranar ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Wanda bai san zaman irin namu ba zai ce rashin kula ne. Kawaici ne, da shi aka rene mu, kuma da shi muka yi zaman aure har muka yi jikoki.

Babbar 'yarmu, wadda ke aure a Maraɗi, ba ta gado wannan halin ba. Ni ta gado, saurin fushi da son a yi abu yanzu-yanzu. Ta kira ni gefe ta ce a raba Inna da wuta, a samo mai girki, ita ta zauna ta huta. Na san don ƙauna ta faɗa. Amma na san matar da nake zaune da ita. Ba ta yawon gidaje, ba ta sana'a, rediyo ma sai in ni na kunna. Tukunya ce aikinta, ita ce hirarta, da ita take nuna farin ciki, da ita take nuna fushi, don in miya ta zo da yaji fiye da kima na san akwai laifin da na yi. Abin da nake tsoro ke nan, kuma tsoro ne na gaske: ranar da aka ce ta fita daga madafa, ta zauna a tabarma a kawo mata kwano, ranar an gama da ita, ko da idon bai gama tafiya ba.

Sai na koma ɗan leƙen asiri a gidana. Ni da ban taɓa sanin inda ake ajiye gishiri ba, na riƙa jan kujera kusa da rumfar da take girki kafin a gama gini, da littafi a hannuna kamar mai karatu.

"Malam, mi kake nema nan?" in ji ta.

"Ba komi."

"Tau, in ba komi, gusa ka ba ni iska."

Na gusa kaɗan, ban tashi ba. A nan na ga abin da likita bai faɗa mini ba. Baƙar tukunya a kan farin yashi ba ta ɓace mata. Amma farin kwano a kan farin faranti, sai ta laluba. Na kuma ga ba ta sa takalmi in tana aiki. Ƙafarta ce ke gaya mata ta iso bakin tabarma, ko ta kusa randa, inda ƙasa ke da sanyi da laima. Tana tafiya a tsakar gidan nan kamar mai ido huɗu, in dai ba a gusar mata da kaya ba.

Da lokacin sayen kaya ya yi, 'yar tamu ta ce ta riga ta samo wuri. Muka tafi mu uku. Babban kanti ne a Maraɗi, da gilashi da sanyi, su ke sayar da karo, su ke haɗa kantoci da durowoyi, su turo ma'aikatansu su kafa maka komai. Saurayin da ya tarbe mu mai ladabi ne, ban ga laifinsa ba. Ya nuna mana madafar da suka haɗa don gwaji. Ƙasa fara, bango fari, durowa fara, ko mariƙi babu, sai ka danna ta buɗe da kanta. Komai na sheƙi har kana ganin fuskarka. 'Yata ta riƙe baki don sha'awa. Uwarta ta tsaya a bakin wurin, ta ce, "Ya yi kyau," amma ba ta taka ciki ba. Na lura hannunta na neman gefen gyalen 'yarta.

Na tambayi saurayin ko suna da karo mai kaushi, mai duhu.

"Akwai, Baba, amma wannan na makewayi ne da bakin ƙohwa. Ba a sa shi kicin."

"Wa ya hana?"

Ya yi murmushi, ya ce ba wanda ya hana, sai dai su tsarinsu a haɗe yake zuwa, ba sa cakuɗa kala. Na ce ko zai shimfiɗa mana biyu-uku a ƙasa mu taka. Ya ce na gwaji a manne suke da bango. Raina ya fara ɓaci, don ga dalili cike da bakina, ga mai dalilin tsaye a gefena, ba halin in faɗa. Na ce za mu yi shawara. 'Yata ba ta yi mini magana ba har tasha.

Wanda na ƙare da shi wani ɗan kasuwa ne a nan garinmu, mai shagon siminti da kwano da ƙusa, yana kuma kawo karo daga Maraɗi da Katsina in an yi oda. Ƙanensa kafinta ne. Shagon ba shi da kyan gani, kuma mutumin ya cika surutu, sai ya ba ka labarin ciwon bayansa kafin ya ba ka farashi. Ba don ya fi waɗancan sanin aiki na zaɓe shi ba, ina jin ma bai kai su ba. Abu ɗaya ya yi. Da na ce ina son ya ara mini karo iri-iri in kai gida in duba, ya ce, "Ɗauka, Mushe, in ya hwashe ka biya." Mushe ake ce wa malamin lakol a wajenmu, daga Faransanci. Bai tambaye ni don me ba.

Na jera su a tsakar gida, a kan hanyar da take bi daga rumfa zuwa randa. Akwai mai santsi, akwai mai gurza-gurza kamar bayan faifai, akwai wani ja mai ƙananan ƙuraje. Na ce mata ina gwada wanda rana ba ta kashe wa kala ne. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Kwanaki ina zaune da littafina ina kallon ƙafarta. Mai santsin tana kauce masa, musamman in ruwa ya zuba. Mai gurza-gurzan tana taka shi ta wuce ba tare da ta rage sauri ba. Jan kuwa, in ta hau shi, sai ta ɗan tsaya ta murza tafin ƙafa, kamar mai gaisawa da wanda ta sani. Ina ta murna na yi dabara ba a gane ba.

Daga nan na zauna na tsara. Daɓen duka zai zama ruwan ƙasa mai haske, marar santsi. Daga bakin ƙofa zuwa inda murhun gas zai zauna, layi ɗaya na mai gurza-gurza, baƙi-baƙi. Daga murhu zuwa famfo, layin jan nan. A gaban murhu, inda ya kamata mutum ya tsaya kada ya ƙara taku, a gicciya jan. Kantar girkin kuma a yi ta ƙasa-ƙasa, don a zaune take girki, kan 'yar kujerarta, ba a tuƙa tuwon gida guda a tsaye. A yi wa bakin kantar baƙin gefe, saman ya zama mai duhu don farin kwano ya fito. Kafinta ya sa wa kowace durowa babban mariƙi na ƙarfe wanda hannu zai samu ba sai an nema ba. Da mai sa karo ya zo, na zana masa a ƙasa da tsinke, irin yadda na saba zana wa yara a allo. Ya daɗe yana kallo.

"Mushe, wanga aiki in an gama, za a ce ragowar gidaje ukku munka tattaro."

"A ce. Kai dai daidaita mini bakinsu, kada wani ya ɗara wani tsawo ko da ƙwayar gero."

Ya ce zai jera su a bushe tukuna, ba siminti, in gani da idona, wataƙila in dawo cikin hankalina.

Ranar da ya jera su, ranar 'yata ta zo daga Maraɗi. Da hantsi ne, uwarta na ɗaki. Ta leƙa madafar, ta fito, ta dube ni kamar na yi sata.

"Baba, mine ne wannan? Kamar zanen da anka yi wa maho! Na kai ku wurin da za a yi abu na mutunci, kun ƙi. Ƙawayena su zo su ga wanga?"

"Ba ƙawayenki za su yi girki ciki ba."

"Ita ma Inna ba ta yi! Baba, sai yaushe za ku yarda? Inna ba ta gani! Kuna son ta hwaɗa wuta ne?"

Mai sa karo ya sunkuyar da kai yana goge cokalinsa na gini da ba abin da ya taɓa. Ƙofar ɗakin a buɗe take, labule kawai. Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a baya. Abin da na yi watanni ina kewaye shi, ga shi an jefar da shi a tsakar gida gaban baƙo. Ban taɓa jin haushin yarinyar nan kamar ranar ba, kuma ban iya ce mata ƙarya take ba. Ita ma da ta ji abin da ya fito daga bakinta, ta toshe shi da gyale, hawaye suka zubo.

Labule ya motsa. Uwargida ta fito, ba ta dubi kowa ba. Ta bi gefen bango har bakin madafa, ta tuɓe takalmanta ta ajiye su gefe.

"Ba a kahwa su ba, Hajiya, a yi a hankali," in ji mai sa karo.

Ta sa ƙafa a kan baƙin layin. Ta bi shi a hankali, hannayenta a sake, ba ta dafa komai ba. Da ta iso inda jan ya gicciya ta tsaya, ta miƙa hannu daidai inda tukunya za ta zauna. Ta juya ta bi jan zuwa wurin famfo, ta shafa bakin bututun da ba a riga an sa wa kai ba. Ashe duk kwanakin nan kifi na ganina, mai jar koma. Ta dawo ta kama baƙin layin, ta biyo shi har bakin ƙofa. Ƙafarta ta sauka a kan yashi. Ta tsaya, ta laluba gaba da yatsun ƙafa, ta laluba dama. Yashi ne ko'ina.

"Malam."

"Na'am."

"Nan ya ƙare?"

"Nan ya ƙare."

"Yo in na gama tuwon, wa za shi kai maka?"

Na duƙa na ɗauko mata takalmanta na ajiye a gaban ƙafafunta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidana. Ta sa, ta ce wa 'yarta ta share ido ta zo ta tsince mata shinkafa.

Da la'asar na koma shagon mai surutun na ce a ƙaro mini baƙin nan mai gurza-gurza. Ya ce kwali nawa. Na ce ban sani ba, ya zo da igiyar awo da kansa, mu auna daga bakin madafa zuwa ƙofar ɗakina.