Ciyawar Kawu Sule

Duk wanda ya san Kawu Sule ya san tsugunnonsa. Da hantsi za ka tarar da shi a tsakar gida, hula a ƙeya, yana duba tsiron ciyawa ɗaya bayan ɗaya. A Kura fa, inda mutum ke ƙarar da ƙuruciyarsa wajen cire ta daga gona, shi kawuna shuka ta ya yi. Har yau mamakin bai sake ni ba.

Dalilinsa ɗaya ne. Matarsa, Inna Hajara, ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma tun da ta faɗi a kan daɓe ta ƙi sake gwada tafiya. Ya rantse sai ya shimfiɗa mata abin da ko ta faɗi ba za ta ji ciwo ba.

Ciyawar ta fito tsilli-tsilli kamar gemun bunsuru. Sai ya yi mata irin ta shinkafa: ya zagaye ta da kunya irin ta gona, ya tayar da injin ban ruwa, ya cika tsakar gidan taf. Na shigo na tarar da takalma suna iyo.

"Kawu, gidan za ka nutsar?"

"Ke Binta, kin taɓa jin shinkafa ta yi ƙorafin ruwa?"

Ciyawar ta ruɓe. Ya sake shukawa, ya juye mata takin yuriyar da ya ajiye wa tumatirinsa, da tsakar rana. Kwana uku ta ƙone ƙurmus. Maƙwabcinsa Malam Iro ya riƙe baki.

"Sule, takin tumatir ka ba ciyawa?"

"Tumatir ne zai tayar min da Hajara?"

Da ƙyar muka kawo wani malamin gona daga Kadawa. Ya ce taki kaɗan za a barbaɗa, a bi da ruwa da sassafe, a bar ƙasa ta tsane kafin a ƙara. Kawu ya gyara hula ya ce, "Ai dama abin da nake shirin yi ke nan."

Da ciyawar ta yi kauri, Inna ta taka ba takalmi. Taku huɗu, a na biyar ta zube, sai muka ji tana dariya. Kawu ya juya mana baya, yana share hawaye.

Bai ga daminar da ta biyo baya ba. Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya tausasa maka makwanci.