Gaisuwar Ramalan a Tsaye

Matso kusa ka zauna, in ba ka labarin Ramalan tela, wanda shagonsa ke bakin kasuwar Kibiya.

Ramalan maraya ne, a hannun kawunsa Malam Lado, ɗan'uwan mahaifiyarsa, ya tashi, can Unguwar Gai. Kowace Juma'a sai ya je ya durƙusa ya gaishe shi. To, shekarun da mulkin farar hula ya dawo, ɗinki ya buɗe masa, har kansiloli na kawo shadda. Ashe a lokacin ne ƙafafunsa suka fara cin amanarsa. Kafin hantsi ya gaji kamar wanda ya wuni yana huɗa, sha-raɓarsa na zugi, ƙugu ya riƙe. Likita a Kano ya ce ciwo ne mai cinye tsoka a hankali, ta jinin uwa ake gadonsa, sai dai lallaɓawa.

Taka keken ɗinki da sauƙi, yana hutawa. Abin da ya gagara shi ne tashi daga durƙuso. Kunya ta hana shi faɗa, sai ya koma gaida kawunsa a tsaye, yana ɗan rusunawa.

Malam Lado kuwa ya ce yaro ya ga 'yan siyasa, gwiwarsa ta fi ƙarfin ƙasa. Ya daina amsa gaisuwar. Wannan shirun ya fi zugin ƙafa ci wa Ramalan rai, don ba shi da wani uba bayan shi.

Ranar ƙaramar Salla Ramalan ya sauka daga acaɓa, ya shiga zaure cike da mutane, ya daure ya zube gaban tsohon. Kawu ya amsa a daƙile. Da aka zo tashi fa, sai jiki ya ƙi. Ramalan ya dafa ƙasa, ya turo baya sama, ya kama gwiwa, ya dafa cinya, yana hawan ƙafafunsa da hannu kamar mai hawan giginya. Gumi ya jiƙa sabuwar rigarsa.

Carbin Malam Lado ya tsaya.

"Tun yaushe kake tashi haka?"

"An daɗe, Kawu."

"Haka ƙanena Habu yake tashi," in ji tsohon a hankali. "Raggo muke kiransa. Har muka binne shi ba mu daina ba."

Ya miƙe da kansa, ya jawo turmi ya kife, ya zaunar da Ramalan a kai, shi kuma ya koma buzunsa a ƙasa.

"Daga yau nan ne wurinka. Ka sake durƙusa mini, ban yafe ba."

Ciwon bai tafi ba. Ramalan na nan, ya ɗinka riga ɗaya ya kwanta ya huta, turmin kuma na zaure yana jiran Juma'a.

Kai da kake saurare, wa ka taɓa kira raggo ba ka tsaya ka ga yadda yake tashi ba?